Kujerar Gaba

Billiri, Talata

Zuwa ga Yaya Lantana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin Baba? Ya Inna, ya tsinkar tattasai?

Mun iso jiya da la'asar, mu goma sha takwas a bas ɗaya: mawaƙan cocinmu da na Makarfi da na Likoro. Shugabarmu Mama Lucia ta karɓe wayoyinmu tun a tashar Ikara, wai waƙa ta kawo mu ba latse-latse ba. Mai saƙo ya rubuta a takarda, ita ta ɗauki hoto ta tura. To ga tawa.

Da yake ni ce ƙarama, can baya aka cusa ni, tsakanin ganga da ɗaurin raken 'yan Makarfi. Na yi amai a Saminaka, wata mawaƙiya mai suna Success ta sa mini suna Baƙauyiya, har yanzu da shi ake kirana. Shekarata sha bakwai ban taɓa wuce Zariya ba, na zaci in na ga duwatsun Jos zan yi ta tsalle. Na gan su, sun wuce, shi ke nan. Hankalina yana ɗakin Baba.

Shi ya ce in taho, wai zamana a gindin gado ba magani ba ne. Ranar Asabar ni zan ja waƙa a gaban taro. Amma Yaya, ki gaya mini gaskiya. In jikin ya ƙi, mota zan hau in dawo in same shi.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Martina

*

Furana, Laraba

Zuwa ga Mama Lucia,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, ke da yaran duka.

Mama, Baba ya rasu jiya da hantsi, an binne shi da yamma. Wasiƙar Martina ta shigo wayata muna dawowa daga kabari.

Kawu Yahuza da dattawa sun zauna, sun ce ba a gaya wa matafiyi mutuwa a hanya, balle yarinyar da ba ta taɓa fita ba. Inna ma ta ce ita ta haife ta, ita za ta gaya mata in ta dawo. Don Allah ki riƙe wannan a cikinki. Ki kula mana da ita, ki ga tana cin abinci. Takarda ta biyu tata ce, ki nuna mata.

Ubangiji ya saka miki.

'Yarki,
Lantana

*

Furana, Laraba

Martina,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Baba yana hutawa, ba ya jin ciwon kamar da. Kar ki hau wata mota. Ki tsaya ki yi abin da ya kai ki, ki dawo tare da jama'a. Ki riƙa ɗaura ɗankwali saboda iska.

Yayarki,
Lantana

*

Billiri, Juma'a

Yaya Lantana,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya Inna?

Na ga takardarki. Ke da kike cika shafi biyu a kan kazar da ta ɓata, yau layi huɗu.

Jiya aka kai mu wani coci a Kaltungo mu yi waƙa. Na nufi wurina na baya, sai Mama Lucia ta riƙo hannuna ta ce in shiga gaba kusa da direba. Kin san kujerar nan, ko Gilbert mai ganga da furfurarsa bai taɓa zama a kai ba. Na shiga. Success ta daina ce mini Baƙauyiya, Martina take cewa, a hankali. A hanya aka saya mini tsire ni kaɗai. Na yi kuskure sau biyu a baiti ɗaya, Mama Lucia da ke jifa da takalmi ta ce ba komai, in sake.

Da muka tsaya shan mai na shiga bayan gida, da na fito na tarar sun haɗa kai suna addu'a. Suna ganina suka ce amin, kowa ya kama neman abu a jakarsa.

Na ci tsiren. Ban ji gishiri ba, ban ji yaji ba. Daga gaba ana ganin hanya sosai, farin layin nan yana ta shigewa ƙarƙashin mota. Shi na kalla har muka dawo.

Ban tambayi kowa komai ba. Mutanen nan wata uku suna koyon waƙar gobe, kuma ni kaɗai na iya jan ta.

Ki gaishe da Inna.

Martina

*

Furana, Juma'a

Martina,

Gaisuwa. Na karanta. Ban san abin da zan rubuta miki ba. Ubangiji ya dawo da ku lafiya.

Lantana

*

Billiri, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na ja waƙar. An ce muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya, har mata suka yi guɗa. Ni dai na ga bakina yana buɗewa yana rufewa.

Mama Lucia, na san kina karantawa kafin ki tura. Ba laifinki ba ne, kin yi ƙoƙari.

Gobe bayan sujada za mu taso. Kar a turo kowa tasha ya ce mini jiki ya yi tsanani, zan hau acaɓa in ƙaraso da kaina. Kuma kar ki gaya wa Inna na sani. Zan shigo da sallama, in tambayi Baba, ki bar ta ta faɗa mini da bakinta. In kukan ya zo a lokacin, to. In bai zo ba, ki riƙe ni ki juya fuskata bango, kar ta gani.

Sai na iso.

Ƙanwarki,
Martina