Abin da na ce game da Inna

Laraba, bayan isha'i

Yau da hantsi na gabatar da aikina na ƙarshe na digirin lisansi, tsarin da na haɗa ma 'yan albasa na kasuwa don su san abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Tsakar gida na zauna, don nan rezon intanet ya fi ƙarfi. Malamin da sauran ɗalibai duk suna kallona ta kamara.

Ina cikin bayani sai Inna ta dawo daga bakin kogi, kwandon kifi bisa kai, zanenta jiƙe. Ta tsaya bayana tana leƙen ordinatar, wato kwamfutata, tana murmushi. Wata ɗaliba ta Kwatano ta tambaya wace ce. Ban san sadda bakina ya ce da Faransanci maƙwabciyarmu ce ba.

Na ci jarrabawar, malamin har ya yaba.

Da marece ta kawo mini shinkafa da kan kifi, abin da ta san ina so. Ta aje, ta ce, "Sani, tun ba a haife ka ba nike saida ma 'yan duwan, masu tsaron iyaka, kifi. Ina jin Faransanci kaɗan." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Allah shi sa albarka ga karatun, ta shige ɗaki.

Ita fa ta hana Baba maida ni jirgin kamun kifi sadda na ce karatun ga nike so. Abincin na nan rufe, na kasa taɓawa. Sau biyu ina zuwa ƙofarta ina dawowa. Bari in aje biron ga in je na uku.