Sunan Da Aka Tambaye Ni A Filin Jirgi

Kano, gidan Kulu, ranar Laraba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yara da duk mutan gida. Ya ƙafar taka? Ya noman maimai a gona? Na ji an yi ruwa a Ɗambatta shekaranjiya, Allah ya sa ya kai mana gona.

Har yau biza ba ta fito ba. Sau uku ƙanwata Kulu tana raka ni ofishin. Sun karɓi fasfo da takardar asibiti, sai na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni. Yarinyar da ke wurin ta ce zanen yatsuna ya shafe. Na ce mata shekara arba'in ina surfe da sussuka, ina zane zai zauna? Da ƙyar babban yatsa ya kama.

Hafsatu ta kira daga Misira. Ta ce mijin nata, yaron nan, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda yanzu, kuma likita ya ce kada dashen ya wuce watan nan. Na san kai ka so ka ba shi taka, ciwon suga ya hana. Tawa ce ta dace, sai mu gode wa Allah.

Kada ka riƙa tsayawa bakin gonar fadama kana kallon wanda muka sayar wa. Na san halinka. Bana ko taki ya gagari mutane, da ma ba iya noma ta za mu yi ba. Kuma ka ci abinci, abokiyar zamana Larai ta gaya mini kana mayar da kwano da saura.

Taka,
Asama'u

Alƙahira, ranar Asabar

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta yara da maƙwabta. Na sauka lafiya jiya da hantsi. Da ajami na rubuta wannan, don Hafsatu ce za ta ɗauki hotonta ta turo maka a waya, ita kuwa ba ta iya karanta shi ba. Abin da ke ciki ba zan iya faɗa maka da baki ba.

Malam, saura kaɗan a juyo da ni.

Da muka sauka aka jera mu layi. Kowa ya miƙa fasfo a buga masa hatimi ya wuce. Ni da na zo, jami'in ya duba bizata, ya duba takardar asibitin, ya dube ni, sai ya kira wani suka kai ni wani ɗaki. Allah ya taimake ni da wata Hajiya Luba, 'yar kasuwa ce daga Bici, kusa da ni ta zauna a jirgi kuma tana jin Larabci. Ita ta bar kayanta ta biyo ni ta yi tafinta.

Ashe abin da ya tsayar da su, sunan da ke bayan nawa na mahaifina ne, na yaron kuma naka ne, ba su haɗu ba. Hajiya ta ce wai ana kawo talakawa a ce 'yan uwan marar lafiya ne, alhali sayen ƙodarsu aka yi. Ban ga laifin jami'in ba, aikinsa yake yi. Ya kife takardar a kan tebur, ya ce idan ni ce uwar, in faɗi sunan ɗana.

Ka san ni. Shekara talatin da huɗu ke nan tun ranar da ka raɗa masa suna, bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne. Ko da yana rarrafe ya nufi murhu, Inna mahaifiyarka nake kira ta ɗauke shi. Da aka yaye shi ɗakinta ya koma, ni kuwa in wuce shi a tsakar gida kamar ɗan maƙwabta. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tarar.

Sai na ce wa Hajiya ta gaya masa yaron nan ne, babban ɗan Malam, mai koyarwa a firamare. Ya ce suna yake so. Hajiya ta yi ta yi masa bayanin kunyar ɗan fari, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa jin uwar da ta kasa faɗin sunan ɗanta ba. Ita kuma ba ta san sunan ba balle ta taya ni. Ya ture fasfona gefe, ya ce akwai jirgin da zai koma Kano da la'asar.

Hajiya ta kama hannuna ta ce, baiwar Allah, nan ba Ɗambatta ba ne, babu wanda zai yi miki dariya. Wallahi ba dariya nake tsoro ba, harshena ne ya yi nauyi. Na buɗe baki sau biyu, ba abin da ya fito. Sai na tuna ranar da za su tafi, da yaron ya durƙusa a ƙofar ɗakina ƙafafunsa a kumbure, ya ce Inna Asama'u a yafe mini, ni kuwa na juya masa baya na ce Allah ya kiyaye hanya. Ina shiga ɗaki na yi kukan da ban taɓa gaya maka ba.

Na faɗa. Da ƙarfi ma ya fito, har wanda ke gadin ƙofa ya waiwayo. Na ƙara da ranar da na haife shi da tabon ƙunar da ke gwiwarsa, duk ba a tambaye ni ba. Hawaye suka ƙwace mini. Jami'in ya buɗe takardar ya duba, sannan ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo da hannu biyu. Hajiya ta ce addu'a ya yi mana.

Ka kwantar da hankalinka, naka sunan ba su tambaya ba.

Na ga yaron. Ya rame ƙwarai, amma yana magana. Ranar Talata za a shiga da mu. Ka sa a yi mana addu'a a masallaci da almuru.

Taka,
Asama'u

Asibiti, ranar Juma'a

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Hannuna ba ƙarfi, ka yi haƙuri da rubutun.

An yi aiki, likita ya ce ƙodar ta kama. Ciwon wurin ɗinki ne kawai ke damuna.

Hajiya Luba ta zo dubiya tun ranar Litinin, kuma bakinta bai riƙe komai ba, ta kwashe labarin filin jirgi ta gaya wa yaron. Da safen da za a shiga da mu aka ajiye gadajenmu kusa da juna. Ya juyo ya ce tun yana yaro ya san al'ada ce, bai taɓa riƙe ni da komai ba, amma yana jin haushi a ce wani Balarabe ya ji abin da shi bai taɓa ji ba. Ya ce idan bai farka ba, ba ya so ya tafi bai ji ba.

Hafsatu tana tsaye, ma'aikatan jinya suna tsaye. Na ja mayafi na rufe fuskata, na kira shi. Ya amsa, na'am Inna.

In na dawo gida zan koma yadda nake, kada ka sa rai, kuma kada Larai ta ji wannan. Amma yau kaɗai bari in rubuta maka da hannuna: Abdussalam ya tashi zaune, ya sha kunu, yana gaishe ka.

Taka har kullum,
Asama'u