Lambarka a Madubin Motar Alhaji

Saje,

Sallama da gaisuwa, irin wadda ba a jiran amsarta. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, amma cikina ya cika, in ban amayar ba zan fashe.

Mu dai muna nan. Damina ta yi kyau a Garu, Baba ya aiko mana da gero. 'Yarka Lami ta yi famfara, tana ta dariya da giɓi. Iyakar ƙasa har yau a rufe take, ƙanwarka ta Ƙonni ba ta samu zuwa ta'aziyya ba, sai saƙo ta aiko.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Sojoji sun ba ka lambar yabo. Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a ɗakin rediyo kana sauraren sararin samaniya kada jirgin wani ya keto mana, ba wanda ya ce maka sannu sai da ƙasa ta rufe idonka. Wai don tsaron sama da iya riƙon na ƙasa da kai. Da kana nan da na tsokane ka, mutumin da ko rufin ɗaki ba ya hawa sai na riƙe masa tsani.

Suka sa bikin a Sakkwato ina tsakiyar takaba. Duk cikin manyan nan babu ko ɗaya da ya san mai takaba ba ta zuwa taro? Ko tambayata ba a yi ba. Sai yayanka Alhaji ya ci kwalliya ya je ya karɓa a madadina. Alhajin da ya ce ka zubar da mutuncin gida ranar da ka sa kaki! Shi ne fa ya daina amsa gaisuwarka don ka ƙi yi masa hanya wajen masu tsaron iyaka.

Na zaci zai kawo mini. Ashe a madubin a-kori-kurarsa ya rataye ta. In ya iso shingen sojoji da kaya lulluɓe da tamfol, sai ƙananan sojoji su ga lambar, su ƙame, su ɗage masa itace ya wuce. Abin da ka hana shi da ranka, shi yake ci da mutuwarka. Ina ɗaki labarin yake iso mini, ba halin fita, sai cizon yatsa.

Ranar da na fita takaba ana jira in zaga dangi in yi godiya. Ni kuwa tasha na fara zuwa. Motar na nan, gilashi a sauke. Na zura hannu na tsinko abina a gaban 'yan canji da masu babura. Daga nan na wuce shinge, na sami babbansu, wani mai furfura da ya ce ya san ka, na gaya masa komai. Ban rage ko ɗaya ba.

Jiya dattawan gidanku suka zaunar da ni. Ba wanda ya tambayi Alhaji abin da ke ƙarƙashin tamfol. Ni ce mara kunya, mai tona asirin gida. Suka yanke cewa ko in mayar da lamba, ko in koma Garu in bar Lami, tunda 'ya ta gidan uba ce. Haka ka bar mu, Saje? A hannun waɗannan?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na tsani aikin nan naka, don sama ta fi ni samun kunnenka. Amma duk sanda na ji ƙarar takalmanka a zaure sai in ji babu macen da ta kai ni a Illela. Kunya ce ta hana ni faɗi, ga shi yanzu ina faɗa wa takarda.

Na mayar wa Alhaji lambar. A kan tabarma na ajiye ta, ban miƙa masa a hannu ba. Ka yafe mini. Ita ƙarfe ce da ƙyalle, Lami kuwa ba ni da kamarta.

Da safen nan ya sake rataye ta, ya loda kaya, ya nufi shinge. An ce sojoji sun ƙame wa lambar kamar kullum, sannan suka ce ya sauko. Sun yaye tamfol. Har yanzu yana zaune a rana gefen hanya.

Wannan karon kai ka tsayar da shi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu inda ba shinge.

Taka har gobe,
Uwar Lami