Keken da Baffa Ya Nema

Baffa Sada,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna Mahfuza da mutanen Babban Duhu. Ni lafiya lau, sai sanyin Jamus da ke farfasa mini hannu, amma da sauƙi.

Aikina zuba tsakuwa a hanyoyin keke cikin wani daji mai tuddai. Nan don nishaɗi ake shiga daji, ba mai waiwaye.

Na samu saƙonka na in aiko maka da keke. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, keken Baba ka haye, ka bar shi yana kiran sunanka har suka cim masa. Ka ci gaba da hawan wannan.

Allah ya ja kwananka, ka daɗe kana jin muryarsa.

Ɗanka,
Tayyib