Shayin Marigayiya Ya Raba Ni da Autata

Malama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ni dattijo ne, shekarata sittin da huɗu, gyaran agogo nake yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Da girmana da furfurata, wai a kan shayi na ɓata da 'yata.

Maiɗakina ta rasu wata tara da suka wuce. Ma'aikaciyar jinya ce. Da za ta ajiye aiki, wata abokiyar aikinta ta ba ta gwangwanin wani irin shayi, guda goma sha biyu a ciki. Ganyen shayi ne aka ɗaure da zare ya zama dunƙule kamar ƙwan tantabara, an ɓoye furen yasmin a tsakiya. In aka zuba masa ruwan zafi a butar gilashi, sai ya yi ta juyi, ya nutse, ya buɗe a hankali har furen ya miƙe a cikin ruwa. Ranar farko na ce mata wannan ai wasan yara ne, a ba ni shayina da madara. Sai ga ni na ɗora tabarau ina leƙen buta har shayin ya huce. Wata guda ta yi tana yi mini tsiya.

Bakwai muka sha tare, ciwo ya kwantar da ita, biyar suka rage. Bayan rasuwarta na ɗauke gwangwanin daga kicin na sa a akwatinta, cikin tufafinta, inda take zuba kafur da turare. Kullum kafin in fita shago sai na buɗe na shaƙa. Wani lokaci ma in bar shi a buɗe a bakin akwatin har in gama shiri. Ban taɓa tunanin sha ba. In na shanye, me ya rage mini?

Autata malamar makaranta ce, tana gidan mijinta, amma duk Asabar takan zo ta share mini gida ta yi girki. Sati uku da suka wuce na dawo na tarar da butar a kan tebur, ta riga ta jefa guda a ciki, tana tsaye tana murmushi. Malama, idona ya rufe. Furen bai ma buɗe da kyau ba, ya dafe, ya karkace gefe guda, ruwan kuwa sai warin magani. Na ce ta ƙona shi da tafasasshen ruwa. Na ce wa ya aike ta taɓa kayan da ba nata ba. Na ce uwarta ba ta taɓa irin wannan ɓarna ba. Yarinyar nan ta wanke butar, ta kife, ta ɗauki jakarta. Tun ranar ba ta sake zuwa ba, sai gaisuwa a saƙon waya, layi ɗaya.

Ga abin da ke cin raina. Shekaranjiya na ɗauki guda na haɗa da hannuna, yadda marigayiya take yi, don in tabbatar wa kaina ina da gaskiya. Na sauke ruwan, na duba agogo ya yi minti uku, sannan na zuba. Haka ya fito sak irin na Auta, na kurɓa na ji kafur har maƙogwaro. Na daɗe a zaune a wurin, kunya ta ishe ni.

Saura uku. Akwai yadda za a yi a ceto su? Na ji an ce a sa a firji. Ita kuma yarinyar, ni ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa. Ina tsoron kada ta saba da rashin zuwa.

Mai Gyaran Agogo

Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashinta. Ba abin dariya a wasiƙarka.

Bari in fara da shayin, don shi ne mai sauƙi. Ganyen shayi yana zuƙar duk ƙamshin da ke kusa da shi, kuma in ya zuƙa ba ya saki. Iska, haske da laima su ma suna kashe shi. Wata tara cikin kafur, ga buɗewa kullum, ukun nan ba za su dawo ba, kuma kada ka ƙara sha, kafur ba abin kai wa ciki ba ne. Firji ma laima da warin abinci zai ƙara musu. Amma har yanzu za a iya buɗe su a ruwa don kallo. In ka sayi sabo, ka sa shi a gwangwani mai murfi gam, a kabad mai duhu, nesa da murhu da kayan yaji, kuma ku shanye shi cikin shekara. Yadda kake barin ruwan ya ɗan huce daidai ne.

Sai maganar Auta. Gaskiya ya kamata ta tambaye ka kafin ta taɓa, ta san inda ka ajiye shi, ta kuma san dalili. Kai ma ba mugunta ta sa ka faɗa ba, kewa ce. Amma cikin maganganunka uku, ta ruwan zafi za ta manta. Wadda ta soke ta ita ce ka ce kayan uwarta ba nata ba ne.

Kada ka kira, kada ka tura saƙo. Ka rufe shago da wuri ka je gidanta da ƙafarka, da gwangwanin a hannu. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, cewa ka gwada da kanka, laifin ajiyarka ne, ta yi haƙuri. Ba zai rage maka girma ba. Ka miƙa mata ukun, ita ta zaɓi ranar da za ku buɗe su.

Ka kuma tuna, Baba, kai mata ka rasa, ita uwa ta rasa. Tun rasuwar take lallashinka, ban ga inda ka ce wani ya lallashe ta ba. Wataƙila ran nan ba don kai kaɗai ta ɗora ruwan ba, ita ma mamanta take kewa. Ka tambaye ta, ka kuma bar ta ta yi kukanta a gabanka.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar maka ita.