'Yar Fari a Kwalin Kore

Unguwar Ɗan Iya, gefen Minjibir

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Na ba Naziru direba takardar nan saboda waya a gidanmu ba ta da sirri, da ta yi ƙara surukata za ta gyara zama.

Wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu littattafan karatu na Hausa, an raba su kwali uku. Kwalin kore na masu haɗa baƙi ne, rawaya na waɗanda suka fara tafiya, ja na waɗanda suka iya sosai. Kowane yaro a gwada shi a nuna masa kwalinsa, kuma ba ya taɓa na gaba sai an sake gwaji. Yaya, abin yana aiki. Yaran da a da ko sunansu ba sa ganewa a allo, yanzu suna kai ƙaramin littafi ƙarshe suna murna.

'Yarki tana ajina, tana lafiya. Sai dai kin ce tun da kika yaye mini ita kika riƙe ba ki ga mayyar karatu irinta ba, ni kuwa tun da kika dawo mini da ita ban ga haka ba. Kwanan nan ko takarda ba ta ɗauka a gida. Ko akwai irin littafin da ta fi so?

A gaida mutan gida.
Ƙanwarki, Furera

*

Rijiyar Zaki, Kano

Furera,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Kin ba ni labarin kwalaye har uku, amma kin tsallake wanda nake son ji. Wane kwali Ramlat take? Kada ki wahalar da kanki, na sani. Da babanta ya kawo ta taron suna gidan 'yar uwarmu Maryamu, na miƙa mata littafin da ta bari ba ta gama ba. Ta juya shi gaba da baya tana neman alama, ta ajiye, ta ce, "Umma, ni 'yar kore ce."

Yarinyar da ke karanta mini takardar cikin kwalin magani in tabarauna ya ɓata? Wadda in an naɗo ƙosai a jarida sai ta karanta jaridar kafin ta ci ƙosan? Ita ce mai haɗa baƙi? Haba Furera. Ki faɗa mini wane malami ne ya gwada ta, in zo da kaina in ga idonsa.

Yayarki, Aina'u

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ba sai kin hau mota ba. Ni na gwada ta.

A gaban aji aka yi gwajin, ga hedimasta Malam Zaharaddini a zaune, ga matan kwamitin iyaye a bakin taga, cikinsu har da ƙanwar surukata. Yaro ya fito ya karanta, malami ya kira sunansa da ƙarfi ya faɗi kwalinsa. Da aka zo kanta ta wuce kore, ta wuce rawaya, ta ɗauki ja ta zuba shi kamar ruwa. Hedimasta ya fita amsa waya, bai ji ba. Duk ajin ita kaɗai ta kai nan.

Yaya, kin san 'yar fari ce. Sunanta ban taɓa kamawa ba. Sai in tsaya gaban surukai in ɗaga murya in ce 'yata ta fi 'ya'yan kowa? Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Malama ba ta da kunya, ta ɗora tata a sama. Bakina ya yi nauyi. Na nuna kwalin kore da ɗan yatsa, na ce na gaba ya fito. Na yi niyyar gyarawa a hankali in ido ya ragu.

Ban gyara ba, sai ma abin da ya fi. Makon nan ta zari wani littafi a kwalin ja, na yadda hadari ke haɗuwa, ta sa a cikin hijabi. Wata ta gani ta kawo ƙara. Doka doka ce, yara sun zuba mini ido. Na karɓe shi daga hannunta. Ba ta yi kuka ba, ta dai sakar mini. Hedimasta da ya ji ya yabe ni a taron malamai, wai a yi koyi da Malama Furera, ko 'yarta ba ta ɗaga wa ƙafa. Suka tafa mini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ki yi mini faɗa, na cancanta.
Furera

*

Furera,

Salam. Faɗa kike so, to ga shi.

Mu ma mun yi kunyar ɗan fari. Inna har ta koma ga Allah ba ta kira Yaya Kamaruddeen da sunansa ba. Amma Inna ba ta taɓa rage masa tuwo don a ce tana da kawaici ba. Ke kin saya wa kanki mutunci a gari, yarinya ce ke biya.

Su kwalayen ban ce ba su da amfani ba. Mai rarrafe a riƙe masa hannu. Amma wanda ya iya gudu, me ya haɗa shi da igiya? A gidan nan ba wanda ya taɓa zaɓa mata. Ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta sha wuya ta ajiye, gobe ta koma masa. Haka ta iya.

Ki je wurin hedimastan ki ce ya gwada ta da kansa, tunda bakinki ba zai iya ba. In kuma wannan ma ya gagara, ɗakinta yana nan ban ba kowa ba.

Allah ya shirye ki, ya shirye mu.
Aina'u

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi yadda kika ce. Na samu Malam Zaharaddini, kaina a ƙasa, na ce ina ganin yarinyar nan ta wuce kore, a sake duba ta. Na kuma roƙa a bar yara ranar Alhamis kowa ya ɗauki abin da ransa ke so. Ya yarda da duka biyun.

Ranar muka juye kwalayen a tabarma ɗaya. Yara suka yi caa, masu kore suna rige-rigen ja don hotuna, wasu suka gaji suka koma nasu. Ita ta jira kowa ya gama, ta ɗauki ɗan siririn kore. Na tura mata na hadarin nan kusa da ƙafarta, ta janye ƙafar.

Hedimasta ya kira ta, ya buɗe mata ja. Yaya, yarinyar nan ta ɗora yatsa a kan layi tana in'ina, tana tsinka kalma gida biyu, tana tsayawa a inda ɗan aji biyu ba zai tsaya ba. Ya rufe littafin ya yi dariya, ya ce, "Malama, gwajinki na farko shi ne daidai. Son ɗa ne ya fara kama ki."

Ban san me ya same ta ba. Ina tsoron ko ni na kashe mata abin gaba ɗaya. Ki taya ni addu'a.

Furera

*

Yaya,

Salam. Ga ta nan tare da Naziru, kayanta suna cikin buhu. Babanta ya amince.

Jiya muna tsince wake na daure na tambaye ta me ya sa ta yi haka gaban hedimasta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama, in na karanta daidai, ai za a ce kin yi ƙarya."

Ki bar ta ta ɗauki duk wanda take so.

Furera