Muryar Butali Ta Bayan Bango

Unguwar Bukoki, Arlit

Zuwa ga abokina Amumun,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan da kake gadi a Yamai. Yaya gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, in ban da tarin da na baro ramin haƙo ma'adini da shi. Shi kam yana nan, ya fi matsa mini da safe.

Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran. 'Yata Tekna ta sauka lafiya, mun sami 'ya mace! An raɗa mata Tinna. Amumun, ban san haka abin yake ba. Ranar da matata Assalama ta ɗora mini ita a cinya, yarinyar nan ta kama gefen rawanina ta ƙi saki. Na ce wa Assalama ta fara haɗa kayanta, na yi sabuwar amarya. Ta ce in fara sayen haƙora tukuna, don kada amaryar ta riga ni. Da hannuna na rubuta sunan Tinna a takardar asibiti. Sai na tuna bencin makarantar dare, mu biyu da furfura, kana gyangyaɗi malam yana kiran sunanka. Ashe saboda wannan rana na sha wahalar nan.

Tekna tana gidanmu har ta yi arba'in. Don haka kullum da la'asar nakan ɗauki sandata in tafi wajen mai shayi, saboda mijinta Butali ya samu ya shigo ya ga 'yarsa. Ka san tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa sauke amawalin rawaninsa daga baki ba, in mun yi kiciɓis a hanya kuwa sai ya bi wani lungu. Yaro ne mai kunya, na gode wa Allah.

Abin da ke damuna sana'arsa ce. Shi ne mai waƙa da jita a ƙungiyar nan tasu, Kel Bukoki. Su huɗu ne. Kiɗansu ba irin na rawar biki ba ne. Jitar tasu tana gurnani kamar injin fasa dutse, waƙoƙin kuma duk a kan ƙofar ramin ma'adini da aka rufe ne, da gidajen da aka bari babu kowa. Samari suna son su, amma samari ba su ne ke ɗaukar makaɗa ba. Iyayen amare sun ce ba za su biya a sa baƙinsu kuka ba. Ga shi bikin ma ya yi ƙaranci tun da aiki ya tsaya. Muryarsa kuwa ban san ta ba, domin ko a waya aka kunna waƙarsa tashi nake yi, kamar yadda ya dace.

Amma akwai labari mai daɗi. Wani Bazabarme mai suna Sumana, mai buga faifai a can Yamai, zai zo ya saurare su. In sun yi masa, zai kai su babban birni su yi faifai. In ba su yi masa ba, Mawli mai ganga ya rantse zai tafi haƙar zinariya a arewa, kuma na san Butali zai bi shi. Ka san abin da ramukan can suke yi wa 'ya'yan mutane. Ka taya mu addu'a.

Ka gai da duk wanda ya tambaye ni. Naka,
Efad, kakan Tinna

Unguwar Bukoki, Arlit

Amumun,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka da 'yar rigar da ka aiko wa Tinna. Ta yi mata yawa, amma za ta tarar da ita. Allah ya saka. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Ban san ta inda zan fara ba. Sumana ya zo. Yini ɗaya gare shi a garin, don haka aka shirya wasan da la'asar a farfajiyar gidan matasa. Suka ari janareta, suka jera lasifika a kan duro.

Ka san a wajenmu, mutanen dutse, in aka sami haihuwar fari kunyar surukuta takan ɗan sassauta. Ni kaina bayan haihuwar Tekna ne uban Assalama ya fara miƙo mini shayi hannu da hannu. Sai na ce a raina, yau ranar uban Tinna ce, bari baƙon nan ya ga yaron yana da manya a bayansa. Na naɗa sabon rawanina mai rinin baba, ban gaya wa kowa ba, na tafi. Da samari suka gan ni suka dare, wani ya kawo mini kujera ya ajiye a sahun gaba, kusa da baƙon.

Sun riga sun fara. Amumun, kiɗan nan a ƙirji ake jin sa. Mawli yana dukan ganguna kamar mai bin su bashin rai, jita biyu suna korar juna. Butali ya matso gaban abin magana, ya sa hannu ya sauke amawali zai fara waƙa. A daidai nan tarin nan nawa ya taso.

Ya san tarina, duk unguwa ta san shi. Ya dubo, muka haɗa ido. Sai na ga ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya ja da baya, ya juya mini kafaɗa. Hannunsa bai daina kaɗa jita ba, amma baki ya rufu. Suka zagayo wurin da zai shiga, bai shiga ba. Suka sake zagayowa. Mawli yana yi masa tsawa ta cikin kiɗa. Ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai, ina jiran ya fara, domin ban san inda waƙar take shiga ba. Sumana ya sunkuyo ya tambaye ni ko ƙungiyar ba ta da mawaƙi ne. Na ce tana da shi mana, ga shi can, mijin 'yata ne. Har da alfahari na faɗa.

Sai da wata yarinya ta zo ta raɗa mini cewa Assalama na kirana maza-maza, sannan na tashi. Kafin in kai bakin titi janaretan aro ya mutu. Kafin a gyara shi magariba ta yi, baƙon ya tafi masaukinsa, da asuba ya hau mota.

Assalama tana tsaye a ƙofar gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam mai karatun dare, duk karatun nan ba a koya maka cewa yaron nan ɗan ƙasar Azawak ba ne? Su ko jika goma ka samu, ba ya buɗe baki a gabanka har a binne ɗayanku."

Na sani, Amumun. Na san daga can iyayensa suka zo. Murna ce ta sa na auna shi da mudun garinmu.

Ga abin da nake roƙonka. An ce shagon Sumana yana kusa da babbar kasuwa. Ka nemi izini wajen maigidanka, ka je ka same shi. Ka iya Zabarmanci, ka bayyana masa al'adar. Ka ce masa yaron yana da murya, duk gari ya shaida, tsohon banza ne ya toshe ta.

Ina jiran amsarka. Naka,
Efad

Unguwar Bukoki, Arlit

Abokina Amumun,

Ina gaishe ka da gajiya. Na gode da tattakin da ka yi da ciwon ƙafa, har sau biyu. Ban ga laifin Sumana ba. Tun da ya ce ya riga ya ɗauki wasu 'yan Agadas, kuma ba zai sake bin hanyar nan tamu ba bana, shi ke nan. Na ji daɗi da ya ce kiɗan ya tsaya masa a rai. Na aika wa Butali wannan maganar ta bakin Tekna. Ta ce abin da ya tambaya kawai shi ne ko ina shan maganin tarina.

Wannan ne ke cina. Da ya yi fushi, da na sami abin riƙewa. Ba zan iya zuwa in ce masa ya yafe mini ba, domin in na tsaya a gabansa wata kunyar zan ƙara ɗora masa. Mawli ne kaɗai ya huce a kaina. Ya same ni wajen mai shayi, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba, da ka ce mana kana son kallo, ai da mun rataya maka tabarma a gaba, kamar amarya." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da ya juya na ga idonsa ya yi ja.

Mawli ya sayar da gangunan ga wani coci. Mai ƙaramar jita ya koma tuƙa babur. Ɗakin da suke gwaji, mai shi ya zuba buhunan gawayi a ciki. Jiya na bi ta wurin, sunan Kel Bukoki yana nan a jikin ƙofa da farin fenti.

Motar masu zinariya za ta tashi ranar Asabar, da Butali da Mawli a ciki. Na ce wa Tekna zan sayar da filina na bayan tasha in ba Butali jari ya zauna. Ya aiko cewa filin na Tinna ne, kada a taɓa.

Tinna ta fara bin mutum da ido. In na yi tari sai ta zabura, sannan ta yi wani abu kamar murmushi. Ina murna, ina kuma jin kamar na sata.

Naka kullum,
Efad

Unguwar Bukoki, Arlit

Amumun, ɗan'uwana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kuma ruwan da aka ce an yi a Yamai bai shiga ɗakinka ba.

Sun tafi.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki sandata zan fita, domin Butali ya zo ya yi sallama da iyalinsa. Assalama ta tare ni, ta karɓe sandar ta ɓoye bayan randa, ta kwashe takalmana daga ƙofar ɗaki. Ta ce in koma ciki in kwanta, kuma in na kuskura na yi tari ta bar mini gidan. Ban gane ba sai da na ji ya yi sallama, na ji tana ce masa tsoho ya tafi kasuwa tun ɗazu. Shekarunmu tare, ban taɓa jin matar nan ta yi ƙarya ba.

Bango ɗaya ne tsakanina da rumfar da Tekna take zama. Na ji ya karɓi yarinyar. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Can sai na ji jita, babu wuta babu lasifika, ƙaramin sauti kamar ɗigon ruwa a kwano. Sannan ya fara.

Amumun, ashe wannan ce muryar da ke cikin gidana ban sani ba. Ba ta da zaƙi. Tana da kaushi, tana fita kamar ana jan igiya daga rijiya mai zurfi. Waƙar a kan wani mutum ce da ya ba rami ƙuruciyarsa, ramin ya ba shi tari, yana fita daga gidansa kullum da la'asar don wani ya shiga. Bai ambaci suna ba. Tekna ta gaya mini daga baya cewa ita ce waƙar da ya shirya zai fara yi wa Sumana.

A tsakiyar waƙar tarin ya taso. Na cusa rawani a baki, na kifa fuska a matashi. Ƙirjina kamar zai tsage, idona yana zubar da ruwa, ina ganin duhu-duhu. Na ce ko mutuwa zan yi, wannan karon sai ya kai ƙarshe. Ya kai. Na ji ya ajiye jitar, na ji takunsa har ƙofar gida, na ji an rufe. Sannan na saki, har sai da Tinna ta farka.

Da na fito, jitar tana jingine a ƙofar ɗakina, ba a ɗakin matarsa ba. Tekna ta ce ya bar saƙo: a ba Baba ajiya, a riƙa sassauta mata tsirkiya saboda zafi. Ta ƙara da cewa tun shigowarsa ya hango kan sandata a bayan randa.

Na rataye ta inda rana ba ta kaiwa. Can wajen haƙar zinariyar babu waya sai an hau dutse, don haka ba mu ji isarsu ba tukuna. Yanzu babu wanda zan bar wa gida da la'asar, sai in zauna da Tinna a cinya, in ɗan taɓa tsirkiya ɗaya da yatsa. Takan juyo da kai tana nema.

Ka sa Butali da Mawli a addu'arka. Assalama da Tekna suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Efad, kakan Tinna